Dawar da Baffa Ya Hana Mu Ci

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba da rai, kuma shi yake karɓar abinsa a lokacin da ya so.

Baffa, yayan mahaifina, ya rasu ranar Talata da hantsi, bayan an gama ɗaure dawa, ba a fara sussuka ba. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa. Na zauna rubuta wannan ne domin na ji masu gaisuwa kowa yana faɗin guntun da ya sani, ana sa ƙarshe a farko, ana barin tsakiya. Ba na son magana a hargitse. Abin da na ji daga bakinsa zan ce na ji, abin da na gani zan ce na gani.

Na fara da masu gaisuwa. Liman, da ya fito daga wanka, ya tsaya a bakin zaure yana yarfe hannu, ya ce, "Na daɗe ban ga fuska a sake haka ba. Kamar wanda ya sauke dami." Wani tsoho da suka yi zaman ribaɗi tare da Baffa lokacin yaƙi, wanda ba sauran haƙori a bakinsa, ya ce, "Allah ya jiƙan mai taurin kai." Aka ce amin, wasu suna murmushi. Mutane sun zo daga wajen Musawa da ƙauyukan Malumfashi, da yawansu ba mu san su ba. Wasu sun zo riƙe da zangarniyar jar dawa, suka ajiye a gefen tabarma, suka yi addu'a, suka tashi.

Abin da ya fi jan bakin mutane shi ne baƙuwar da ke zaune a ɗakin Inna, matar Baffa. Mace ce da ta haura arba'in, tana zaune a wurin 'ya'ya, tana karɓar gaisuwa kamar a gidan aka yanke cibiyarta. Wata tsohuwar unguwarmu ta tare ni a soro, ta rage murya.

"Kai Malam, wace ce waccan? Ko dai marigayi ya bar wata a can arewa bai faɗa ba?"

"Iya, ki ji tsoron Allah. Ko kwana ɗaya bai yi a ƙasa ba."

"To ai tambaya na yi."

Ga amsar tambayarta, daga tushe.

Kafin a haife ni, maharan arewa sun matsa wa ƙasar nan. Aka aiko wa mai gari cewa kowane gida ya fitar da namiji ɗaya, a kai su ribaɗi, wato garin tsaro da ke bakin iyaka. A gidanmu maza biyu ne, Baffa da mahaifina. Mahaifina bai daɗe da tashi daga ciwo ba. Baffa bai yi shawara da kowa ba, ya ɗauki kwari da baka ya fita. Ya bar Inna da cikin fari wata huɗu.

Ba ya son a tambaye shi labarin yaƙi. In samari suka matsa, sai ya ce, "Sara da suka kuke son ji? Wannan rana ɗaya ce a cikin ɗari. Sauran duk ƙishirwa ce da ciwon ƙafa." Ni ya fi sakar wa baki, in muna gyaran rumbu mu biyu. Ya ce sun ɗauki ƙasa a ka suna ɗaga ganuwa har gashin tsakiyar kansu ya zube. Sun sha ruwan kududdufi tare da jakuna. Kurkunu ya fito masa a ƙafar dama, yana naɗe shi a tsinke kaɗan-kaɗan, kuma da ƙafar nan yake hawa gadi. Da hatsi ya yanke sun ci tafasa ba gishiri, sun tsotsi ƙaro da 'ya'yan aduwa.

Amma ya ce duk wannan bai kai ruwan farko ciwo ba. Ranar da sama ta zubo, ƙanshin ƙasa ya tashi, ga manoma tsaye a kan ganuwa riƙe da makami, ba mai iya kallon ɗan'uwansa. Daga ranar ba da wata suke lissafin lokaci ba, da aikin gona suke yi. Wani ya ce, "Yau a gida ana shuka." Bayan kwanaki wani ya ce, "Yanzu an shiga noman firi." Shi kuma Baffa yana da nasa lissafin da ba ya faɗa wa kowa: yanzu ta haihu, yanzu an yi suna, yanzu abin da aka haifa yana zama, yanzu yana rarrafe. Bai san ko mace ce ko namiji ba. Bai san ko yana raye ba.

A can ya yi aboki, mutumin wata 'yar tunga yamma da Tsiga. Kowa Bahago yake ce masa, domin da hagu yake jan baka. Bahago yana da 'yar jakar fata da ba ta fi tafin hannu ba, rataye a wuyansa kamar laya. Irin dawa ne a ciki. Ranar da zai bar gida, 'yarsa ta fari, mai shekara bakwai, ta ɗebo daga irin gidansu ta ɗura masa, ta ce in damina ta same shi a can ya shuka, kada ya rasa tuwo. Damina biyu ta same shi a can, bai shuka ba.

Baffa ya ce masa, "Kai Bahago, ga fili a bayan ganuwa. Ka zuba abin nan a ƙasa mana, ko ma samu na kunu."

Ya ce, "In na shuka a nan, na yarda ke nan nan ne gida. A gonarmu zan shuka, ita ce za ta bi ni tana rufe rami."

A shekara ta uku aka fitar da su bin sawun mahara, aka yi musu kwanton ɓauna a wani kwari. Jama'a ta watse. Kibiya mai dafi ta sami Bahago a cinya. Baffa ya goya shi yini biyu, ba abinci, ruwan salka ya ƙare. Rana ta uku da tsakar rana ya sauke shi a gindin wata aduwa, domin ƙafar ta kumbura har ta yi baƙi.

Baffa ya ce, "Kawo dawar nan mu tauna, ko ka sami ƙarfi."

Ya girgiza kai. Ya ciro jakar ya danƙa masa. Ya ce, "Amana. Ka mayar wa yarinyar. Ka ce mata ban ci ba. Ka ce ina hanya, ƙafa ce ta ƙi."

"To yaya sunanta?"

Mutum yana bakin mutuwa, amma sai ya kawar da kai. Ya ce, "Haba dai. 'Yar fari ce fa."

"Uwarta fa?"

Nan ma kunya ta hana shi. Ya ce kawai, "Tungarmu ba ta ɓata. Bakin rafi, giginya uku. Ka ce gidan Bahago." Baffa bai matsa ba, domin shi ma a lokacin ba zai iya kiran sunan ɗan fari ba ko da wuƙa a wuya. Kafin la'asar Bahago ya cika. Baffa ya haƙa rami da kan mashi da hannu, ya rufe shi, ya jera duwatsu. Ya ƙara yini biyu yana jan ƙafa da dawar nan a ƙirjinsa kafin ya ga ganuwa.

Ƙafar ce ta sa aka sallame shi. Da ya shigo gida, Inna tana daka, taɓarya ta faɗi daga hannunta. Abin da ta haifa mace ce, har an yaye ta. Yarinyar ta dubi wannan baƙin mutum mai ƙasusuwa, ta kwarma ihu, ta shige bayan zanen uwarta. Baffa ya ce bai taɓa jin kuka mai daɗi irin wannan ba. Ya ce, "A nan na tuna akwai wata yarinyar da ke jira, ita nata ba zai shigo ba."

Kwana bakwai ya yi ya ɗauki sanda ya nufi yamma da Tsiga. Ya sami rafin, ya sami giginya uku. Tungar ta zama kufai. Mahara sun bi ta kanta tun bara, sun ƙone rumbuna, mutanen sun watse, ba wanda ya san ina. Ya bi ƙauyukan kusa yana tambaya.

"Yaya sunan yarinyar?"

"Ban sani ba."

"Uwarta?"

"Bai faɗa ba."

"Shi mutumin fa?"

Ya faɗi sunansa na yanka, irin sunan da kowane gida akwai mutum biyu masu shi. Aka ce, "Bawan Allah, to wa kake nema?"

Daga wannan tafiya ya dawo da ɗabi'u biyu da aka san shi da su har ya mutu.

Ta farko, ya daina kunyar 'yar fari. Yana tsakar gida zai ɗaga murya ya kira yayata, 'yarsa, da sunanta na yanka, maƙwabta suna ji. Inna takan rufe fuska da mayafi ta ce, "Malam, don girman Allah! Sai ka sa an daina gaishe mu." Shi kuwa ya ce, "A daina. In na faɗi a daji, mai kawo saƙo ya san ƙofar da zai tsaya."

Ta biyu ita ce dawar. Ya san iri ba ya daɗewa a jaka, zai mutu. Da ruwa ya sauka ya ware kunya kaɗan a kusurwar gona, wajen tsamiya, ya shuka. Kaɗan ne suka tsiro. Ya yi gadinsu kamar jarirai. Dawa ce gajera, ja, mai sunkuyar da kai, kuma tana riga kowace dawa nuna. Duk shekara yakan zaɓi zangarniya mafi kyau ya sabunta irin da ke jakar, sauran ya zuba a wani ƙaramin rumbu da ya gina a bayan ɗakinsa. In ta tsufa yakan ba matafiya sadaka da sunan Bahago. Mu 'yan gida kuwa ko ƙwaya. Yakan ce, "Mai riƙon amana ba ya ɗanɗanawa." Kaza ma in ta doshi wurin sai ta sha jifa. Duk rani yakan ɗauki zangarniya ɗaya ya zaga kasuwanni, Musawa, Malumfashi, Tsiga, yana nuna wa masu awo. Har suka saba, in sun hango shi su ce, "Ga mai neman 'yar da ba ta da suna."

Daga nan abin da zan faɗa da idona na gani.

Shekarar da na yi aure ruwa ya ɗauke dawa tana ciki. Gonakin gari suka bushe a tsaye. Abin da ya nuna a gandunmu kaf shi ne jar dawar nan, domin ta riga farin. Kafin bazara rumbunanmu sun koma fayau, sai ƙaramin nan na bayan ɗaki, cike har wuya. Yara suna kuka, mata suna dafa ganye. Wata safiya mahaifina ya ɗauki tsani ya jingina a ƙaramin rumbun. Baffa ya fito ya riƙe tsanin.

"Sauko."

"Yaya, jikokinka ne ke kukan nan."

"Na ji su. Sauko."

"Shekara ashirin! Yarinyar nan ko ta mutu, ko an kai ta inda ba a dawowa. Mu da muke raye fa?"

"Na yi yini biyu da dawar nan a ƙirjina, hanjina yana naɗewa. Kai yau kwana nawa?"

Mahaifina ya sauko. Ya san a madadin wa Baffa ya tafi ribaɗi, kuma ba a taɓa yi masa gori ba, ranar ma ba a yi ba. Sai ya ce cikin fushi, "To zauna! Kullum kai ne kasuwa-kasuwa da zangarniya ɗaya kamar mai tallan magani. In kana da gaskiya ka tura dawar ta je ta nemo ta da kanta!"

A nan zan faɗi ra'ayina, ko da yake marigayi ne. Baffa ya tsananta. Da ya buɗe rumbun nan saboda yunwar yara, ba malamin da zai ce ya ci amana. Amma kuma ban ga ya bar mu haka ba. A ranar ya fitar da takobinsa, da rigarsa ta Salla, da awakinsa duka, aka kai Malumfashi aka musanya da gero. Da shi muka kai ga ruwa. Shi kansa sau ɗaya yake ci a yini, ya ce ya saba.

Maganar da mahaifina ya yi don gatse kuwa ta zauna masa. Ya je wurin liman na lokacin ya yi tambaya, aka ce masa in dai ya riƙe tushen irin, ya bayar da sunan mai shi, babu laifi. Mutanen gari da yawa yunwa ta sa sun cinye irinsu. Da hadari ya fara haɗuwa Baffa ya sa aka kira su, ya hau tsanin da kansa, yana ɗebowa da ƙoƙo yana zuba wa kowa. Sharaɗi ɗaya ya kafa, kuma sai mutum ya maimaita kafin ya karɓa: "Duk wanda ka ba irin nan, ka gaya masa na Bahago ne na bakin rafi mai giginya uku. Wanda ya san 'yarsa, ya nemi tsohon dakare a garinmu. Shi ma ya gaya wa na gaba."

Haka dawar ta fita. Da mutane suka ga tana tsere wa fari, sai kowa ya so ta. Aka sa mata suna 'yar amana. Ta cika garinmu, ta haura ƙauyuka. Kowa yana cinta ban da gidanmu. In aka kawo tuwon suna, Baffa sai ya buɗe akushi ya duba launi. In ya ga ja, ya mayar da murfi. Mahaifina yakan ce, "Gari duk ya ƙoshi da dawarmu, mu muna gadi."

Shekara goma sha biyar aka yi haka, ba wanda ya zo.

Daminar bana ya kwanta. Ba mutuwa yake tsoro ba, wannan na tabbata. Amma ba shi da sukuni. Yakan juya fuska bango ya ƙi kunu. Wata rana da hantsi ya kira ni, ya sa na maimaita saƙon Bahago har sau uku, ya nuna mini inda jakar take a ƙarƙashin matashinsa. Ya ce, "Ɗana, in na je ya tambaye ni, me zan ce masa?" Na fito da nauyi a zuciya, domin na ga abin da ya ɗauka shekara talatin da biyar yana shirin saukowa a wuyana, ni kuma ba ni da irin ƙashinsa.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka yi sallama a zaure. Wani dattijo ne da matarsa a kan jaki. Ya ce daga wajen Tsiga suke, suna neman tsohon dakare. Matar tana riƙe da zangarniya ja a cikin mayafi. Ta ce bayan an watsa tungarsu, uwarta ta gudu da ita kudu, ƙasar Zazzau, can ta girma, can aka yi mata aure. Bara mijinta ya dawo da su kusa da Tsiga. Ranar kasuwa ta ga dawar a faifan mai awo, nan take ta gane ta. Rabonta da ita tun ranar da rumbunsu ya ci wuta. Ta tambayi mai awon inda ya samo, shi kuma ya karanto mata saƙon kamar yadda aka karanta masa.

Na shigar da ita. Baffa ya sa aka tayar da shi zaune. Bai yi gaggawa ba, tambaya ya yi bi da bi.

"Mahaifinki, da wane hannu yake riƙe hauya?"

"Da hagu, Baba."

"Me kika ba shi ranar da zai tafi?"

"Iri. A jakar fata."

"Da me kika ɗaure bakinta?"

Ta ce, "Zaren jigidata na tsinke. Akwai dutse shuɗi guda ɗaya a jiki."

Ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya ciro. Fatar ta yi baƙi, an sha yi mata faci, amma dutsen yana nan. Ya ɗora mata a tafin hannu, ya rufe da nasa.

"Ya ce in gaya miki bai ci ba. Ya ce yana hanya, ƙafa ce ta ƙi."

Ta kifa kai a gefen gadon. Da ta iya magana ta ce, "An ce mana ya zauna a arewa ya yi wani auren. Da wannan uwata ta mutu."

"Ƙarya ne. Ni na rufe shi. Kullum maganarku yake, har ya ishe mu." Ya numfasa. "Saura abu ɗaya. A yini na biyu bayan na bar shi, na kwance jakar. Ƙwaya uku na haɗiye. Ki yafe mini."

Ta ɗago tana hawaye, sai dariya ta kufce mata. "Baba! Ƙwaya uku?"

"Uku. Na ƙirga."

"Na yafe, duniya da lahira."

"To yanzu gaya mini sunanki."

Ta faɗa. Ya maimaita shi sau uku da ƙarfi, har Inna ta leƙo daga tsakar gida. Ba zan rubuta sunan a nan ba. Mahaifinta bai faɗa ba, na bar masa kunyarsa.

Daga nan Baffa ya ce a kawo masa kunu, ya shanye. Kwana huɗu ya ƙara, yana barci kamar yaro, yana tsokanar Inna, yana sa baƙuwar ta ba shi labarin 'ya'yanta. Ta ƙi komawa gida, ta ce sai ta ga yadda jikinsa zai yi. Ranar Talata tana riƙe da ƙoƙon ruwa, mahaifina yana laƙanta masa kalmar shahada, ya cika. Wannan ita ce matar da aka gani a ɗakin Inna. Wanda ya yi wani zato ya nemi gafara.

Ranar sadakar uku da safe ta same mu a bayan ɗaki, ni da mahaifina, muna shawarar jakunan da za su kai mata abin da ke cikin ƙaramin rumbun. Ta ce, "Baba ƙarami, dawar nan tawa ce?"

Mahaifina ya ce, "Taki ce, 'yata. Ko ƙwaya ba mu taɓa ba."

"Wannan ta jakar ta ishe ni, a gonata zan shuka. Ta rumbu kuwa a sauke, a surfa, a tuƙa. Kuma ba na son a fitar da ko malmala ɗaya sai mutanen gidan nan sun ci."

Mahaifina da kansa ya jingina tsanin. Ya tsaya a ƙasa ɗan lokaci yana riƙe da shi, kamar mai jiran a ce masa sauko. Sannan ya hau.

Da azahar aka kawo akushi zaure. Tuwon ja ne, da miyar kuka. Muka zauna muna kallonsa, ba mai son fara sa hannu. Mahaifina ya yi bisimilla, ya yanko loma, ya tauna a hankali. Kowa ya zuba masa ido.

Ya ce, "Shekara talatin da biyar. Wallahi, Yaya, farafara ta fi ta daɗi."

Zauren ya ɗauki dariya, har liman. Mahaifina yana dariya hawaye yana bin gemunsa, kuma bai cire hannu daga akushin ba sai da ya ga ƙasansa.

Allah ya jiƙan Baffa, ya jiƙan Bahago, ya haɗa su inda ba ganuwa ba ƙishirwa. Ya ba mu ikon sauke abin da aka ɗora mana kafin a kira mu. Kunyoyin nan na wajen tsamiya, in Allah ya kai mu damina, zan shuka su kamar kullum, kuma yaran gidan nan za su ci.